Zafin ƙarƙashin ƙasa zai iya korar janaretan gas daga garuruwan da ke nesa da turakun lantarki?

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'ar gida. Ina da tambaya, don Allah kada a yi min dariya. Daren jiya ina zaune a bakin ɗakin sanyina ina jiran inji ya huce in zuba masa mai, sai ƙanina ya turo min bidiyon wani tsibiri inda wai ake haƙa rijiya, maimakon ruwa sai tururi ya yi ta fitowa, da tururin nan ake ba gari wuta dare da rana. Ba tanka, ba jarka, ba hayaƙi. Ni kuwa garinmu turakun wuta ba su taɓa isowa ba, ƙanƙarar da nake sayarwa rabin kuɗinta na mai gidan mai ne tun ranar da litar gas ta haura naira dubu. Shin abin nan gaskiya ne ko irin ƙaryar intanet ce? In gaskiya ne, me ya hana a yi mana?

Auta: Wa alaikumus salam Baba. Gaskiya ne, an koya mana a aji. Amma ni ma ban gane yadda tururi ke zama wuta ba, haddacewa kawai na yi na ci jarrabawa.

Maman Hanif: Auta ka ba ni kunya, irinku ne ke sa mu malaman makaranta hawan jini. Baban Khalifa, abin ba sabo ba ne. A wani gari mai suna Larderello a Italiya aka fara kunna ƙwayayen fitila da tururin ƙasa tun 1904, zuwa 1913 har sun kafa tasha. Cikin ƙasa zafi gare shi, ko'ina kake a duniya. A yawancin wurare, duk kilomita ɗaya da ka nitsa zafi na ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30. To akwai wuraren da Allah ya matso da zafin kusa, musamman inda ake da duwatsu masu aman wuta. Ruwan sama ya tsiyaya ta tsagogin dutse, ya tarar da zafi, ya dahu a can ƙasa kamar tukunyar da aka danne murfinta. In aka huda, sai ya taso da ƙarfi, tururin ya juya farfelar inji, injin ya ba da wuta. Ruwan da ya rage a mayar da shi ƙasa ta wata rijiyar ya sake dahuwa.

Baban Khalifa: Ikon Allah. Wato murhu ne da ba a sayen itace.

Injiniyan Bohol: Itacen kyauta ne Alhaji, amma murhun ne ba kowa ke iya ginawa ba. Ni sana'ata haƙar rijiyar burtsatse, bari in faɗa maka inda gizo ke saƙar. Ka san yadda muke yi: a kawo mai awo ya kafa wayoyinsa ya ce nan akwai ruwa, mu kafa mota, mu haƙa mita 80, mita 100, wani lokaci ƙura kawai za ta yi ta tashi, mai gida yana tsaye yana kallon kuɗinsa na bin iska. To ka ɗauki wannan fargabar ka ninka ta sau dubu. Rijiyar tururi kilomita biyu ce zuwa uku, guda ɗaya takan ci dala miliyan biyar ko fiye, kuma ba ɗaya ake haƙawa ba. Kafin ƙarfe ya isa ƙasa babu wanda zai rantse maka da abin da za a tarar.

Kuma abu uku ake nema a lokaci guda: zafi, ruwa, da dutsen da yake da tsagogin da ruwan zai bi. Biyu ba su isa ba. A tsibirin Saint Vincent da ke yankin Karebiyan sun haƙa rijiya uku tsakanin 2019 da 2020 a gindin dutsen La Soufrière. Zafi sun same shi, sama da digiri 200. Amma dutsen a toshe yake, ruwa ba ya ratsa shi yadda za a yi kasuwanci da shi. Haka aka tattara kaya. Ga shi dutsen nan da kansa ya yi aman wuta a watan Afrilun 2021, wato wutar tana nan, hanyar ɗebo ta ce babu.

Tsohon Ma'aikacin NEPA: Injiniya ya fara da mai ɗacin. Bari ni in kawo mai daɗin, don kada Alhaji ya karaya. Ku fara da lissafin gas ɗin kansa. Janareta mai lafiya, lita ɗaya tana ba da yunit uku zuwa uku da rabi. Ƙaramin gari mai jan kilowat 100 kacal, in ana so ya kwana ya wuni da wuta, yunit 2,400 ke nan a rana, gas kusan lita 700. Tankar lita 33,000 ba za ta kai shi wata biyu ba. Ba a yi maganar baƙin mai da matata da gyara ba, ba a yi maganar damina ta cinye hanya tanka ta kwana huɗu a taɓo ba. Mutanen tsibirai su ma haka suke, sai dai tasu tankar jirgin ruwa ce. Shi ya sa suka fi kowa damuwa da wannan magana.

Ku duba São Miguel, ɗaya daga cikin tsibiran Azores na ƙasar Fotugal, can tsakiyar tekun Atlantika. Babu wayar da ta haɗa su da Turai. Sun fara gwaji da ƙaramar tasha tun 1980, yau tashoshinsu biyu, Ribeira Grande da Pico Vermelho, suna ba tsibirin kusan kashi 40 cikin 100 na wutarsa. Wannan duk man da da jirgi zai kawo ne a ƙone.

Maman Hanif: Kawu, a tsibirin nan ne ma ake binne tukunya a ƙasa, a wani wuri da ake kira Furnas, bayan wasu awoyi a tono ta abinci ya dahu. Da ni ce a can da na huta da mai sayar da gawayi.

Ɗan Agadas: Sannunku da hira. Mu nan Nijar gazuwal muke ce ma gas ɗin naku, kuma mun san zafinsa, don garuruwa da yawa na arewa da gurup, wato janareta, suke samun kuran, wato wuta. Na ji Kawu ya kawo Fotugal, bari in kawo na Faransa. A Gwadalup, tsibirin Faransa a yankin Karebiyan, akwai gari sunansa Bouillante, ma'anar sunan ma "mai tafasa" ce da Faransanci. Tashar tururinsu tana aiki tun 1986, an ƙara inji na biyu a 2005, jimilla ta kai wajen megawat 15 (megawat ɗaya kilowat dubu ne). Amma ku lura, bayan duk waɗannan shekaru abin da take ba tsibirin bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. To tambayata ga Injiniya: muna da ruwan zafi a Tafadek, cikin duwatsun Ayar, ba nisa da Agadas. Mutane na zuwa wanka don ciwon gaɓoɓi. Wannan ba alama ba ce?

Auta: Mu ma muna da Wikki a Yankari!

Injiniyan Bohol: Auta, Wikki digiri 31 ne, bai ma kai zafin jikinka ba. Wurin wanka ne mai daɗi, a bar shi a haka. Akwai Ikogosi a Ekiti, akwai Ruwan Zafi a Lamurde ta Adamawa wanda ya fi su ɗumi. Ɗan'uwa na Agadas, alama ce, amma alamar a je a bincika, ba alamar a sayo inji ba. Ruwan da ya fito sama da ɗumi yana iya zama ya nitsa ne can ƙasa ya ɗauko zafin da ke ko'ina ya dawo, ba lalle akwai tukunya a ƙarƙashinsa ba. Mu nan yammacin Afirka ƙasarmu tsohuwar ƙasa ce da ta daɗe da hucewa. In za ka bi lissafin Maman Hanif, kafin ka tarar da digiri 150 sai ka nitsa wajen kilomita huɗu. A Kenya kuwa, cikin babban kwarin nan da ƙasa ke tsagewa, a kilomita biyu zuwa uku suna tarar da abin da ya haura digiri 250.

Baban Khalifa: To amma Injiniya, a bidiyon na ji kamar an ce ko ruwan bai tafasa ba ana iya yi.

Maman Hanif: Ana yi, kuma labarin yana da daɗi. A Alaska ta Amurka akwai wani wurin shaƙatawa, Chena Hot Springs, wajen kilomita 100 daga birnin Fairbanks, ba ya kan layin wuta, da gas suke rayuwa kamar kai. Ruwansu digiri 74 ne kawai, ko shayi mai kyau ba zai dafa ba. A 2006 suka kafa inji biyu, kowanne kilowat 200. Dabarar ita ce ba ruwan ne ke juya farfela ba. Ruwan zafin yana ɗumama wani sinadari ne mai saurin tafasa, irin gas ɗin da ake ɗura wa firji da na'urar sanyaya ɗaki, shi ne yake zama tururi ya juya injin, a sanyaya shi ya koma ruwa, a sake zagayowa. Kai da kake da ɗakin sanyi za ka fi kowa ganewa: injin sanyinka ne aka juya shi baibai. Kai kana ba shi wuta ya raba maka zafi da sanyi, su suna ba shi zafi da sanyi ya ba su wuta. Kuɗin yunit ya faɗo musu daga wajen senti 30 zuwa ƙasa da 10.

Baban Khalifa: Allahu Akbar! To ai shi ke nan, Malama. Digiri 74 ai ba zai gagara ba.

Maman Hanif: Tsaya Alhaji, ban ƙarasa ba. Injin ba zafi yake ci ba, tazarar da ke tsakanin zafi da sanyi yake ci. Su a Chena ruwan da suke sanyaya sinadarin da shi digiri 4 ne, tazarar digiri 70 ke nan. Ka ɗauko injin nan ka kai shi Agadas ko Nguru a watan Afrilu, iska tana digiri 45, ruwan sanyayawa ma nema ake yi, tazarar ba ta kai 30 ba. Ɗan abin da zai fito, famfunan da ke jan ruwan ne za su shanye shi. Sanyin Alaska shi ne rabin jarinsu.

Ɗan Agadas: Kash. Wato zafin da ke samanmu ne ya hana mu cin na ƙasanmu.

Mai Sola: Tun ɗazu nake karatu ina murmushi. Ku ba ni dama in kawo garin da ya fi kama da namu, ba tsibiri ba, ba ƙanƙara ba. Birdsville, a bakin hamadar Simpson ta Ostareliya, ƙauye ne da mutanensa ba su wuce ɗari da wani abu ba, rana kamar ta Bilma. Suna da rijiya mai zurfin mita 1,280 da ruwa ke fitowa da kansa a digiri 98. A 1992 suka fara samun wuta da shi, kilowat 80, sauran kuma janareta ke cikawa. Ya yi shekaru da yawa yana aiki. Da injin ya tsufa aka zauna lissafin sabuntawa, me aka yi? A 2018 aka rufe shi aka ce sola da batir sun fi sauƙi. Rijiyar tana nan, an riga an biya kuɗin haƙarta tuntuni, amma duk da haka rana ta kayar da ita. Ni ban ce komai ba.

Tsohon Ma'aikacin NEPA: Ka ce komai mana, ɗana, tunda hajarka kake tallatawa. Labarin Birdsville gaskiya ne, amma kilowat 80 ake magana. Ka zo da batirin da zai riƙe megawat 10 daga magariba zuwa hantsi, kullum, har da kwanakin hazo, mu ji kuɗinsa. Tashar tururi ba ta san dare ba, ba ta san damina ba, mai kyau takan yi aiki kashi 90 cikin 100 na sa'o'in shekara. Mu da muka yi aikin wuta mun san darajar injin da za ka kunna ka manta da shi.

Amma zan ba ka gaskiyarka ta wani ɓangaren. Wannan rashin tsayawar tasa shi ne kuma matsalarsa a ƙaramin gari. Gari yana jan wuta sosai daga magariba zuwa ƙarfe goma sha ɗaya, da tsakar dare kowa ya kwanta jan ya faɗi warwas. Janareta sai ka rage masa wuta ko ka kashe ɗaya. Rijiya kuwa ba a son a yi ta buɗe ta ana rufewa, kuma bashin da aka haƙa ta da shi ba ya barci. In babu mai sayen wutar dare, yunit ɗinka ya yi tsada. Shi ya sa ko a São Miguel ba a jefar da injinan mai ba, su ke bin hawa da saukar buƙata.

Injiniyan Bohol: Kawu ya taɓo jijiyar. Ku duba inda abin ya yi kyau da sauri, za ku ga akwai babban mai saye a tsaye. Tsibirin Lihir a Papuwa Niyu Gini, mahaƙar zinariya ce a cikin ramin tsohon dutse mai aman wuta. Su dole ce ma ta sa su huda ƙasa, don su rage tururi kada ya fashe wa ma'aikata a rami. Sai suka ce to me zai sa mu ƙona baƙin mai alhali ga tururi muna zubarwa? Suka fara da megawat 6 a 2003, zuwa 2007 sun kai 56. Injinan niƙa dutse ba sa barci, kamfani yana da kuɗi, rijiyoyi an riga an haƙa. Ko a can ɗin daga baya tururin ya ragu, don rijiya ma tana gajiya in ana ɗiba fiye da yadda take samu.

Kishiyar wannan kuma tana nan Afirka. A Kapisya ta Zambiya, kusa da tafkin Tanganyika, gwamnatin Italiya ta kafa ƙananan injina biyu a 1986, jimilla kilowat 200. Ruwan bai kai zafin da aka ƙera injinan dominsa ba, wayar da za ta kai wuta ƙauyuka ma ba a ja ba. Ba su taɓa ba kowa wuta ba. An sayo inji kafin a san rijiya.

Baban Khalifa: Wannan ya tuna min da kaina. Shekara uku da suka wuce na sayi famfon sola da tankin ruwa tun kafin a haƙa min bohol, saboda wani ɗan kwangila ya rantse min akwai ruwa a mita 60. Mun kai 110 babu ko laima. Tankin yana nan a bayan gida, awaki ke shan inuwarsa.

Mai Sola: Alhaji ai da ka kira ni da na saye famfon.

Maman Hanif: Ina so in kawo mana tsibirin Dominika na Karebiyan, don ina zargin ita ce a bidiyon Alhaji. Ba Jamhuriyar Dominika ba, ƙaramar, mai mutum wajen dubu 70. Ƙasa ce da har tafki mai tafasa gare ta, amma ta yi shekara da shekaru yawancin wutarta daga gas take, tana cikin masu tsadar lantarki a yankin. Buƙatar ƙasar gaba ɗaya ba ta kai megawat 20 ba. Sun haƙa rijiyoyin gwaji a kwarin Roseau tun 2011 zuwa 2012, an samu zafi, an samu ruwa, komai ya yi. Duk da haka sai ƙarshen 2023 aka sa hannu da kamfanin Ormat kan gina tashar megawat 10 a Laudat. A tsakani guguwar Maria ta daidaita ƙasar a watan Satumban 2017, masu zuba jari sun zo sun tafi, sai da Bankin Duniya ya shigo. Ku ƙirga shekarun. Janareta kuwa yau ka biya, mako mai zuwa yana ruri.

Tsohon Ma'aikacin NEPA: Shi ya sa gas ya gagara kora, Malama. Shi wahalarsa kullum ce amma kaɗan-kaɗan, kamar cefane. Tururi wahalarsa a farko take, dunƙule guda, kuma da caca a ciki. Ɗan siyasar da ke da shekara huɗu wanne zai zaɓa? Kenya da ta ci nasara ba da wayon 'yan kasuwa ta ci ba. Tasharsu ta Olkaria ta fara da megawat 15 a 1981, yau ƙasar tana dab da megawat dubu, kusan rabin wutarta daga nan take. A 2008 gwamnati ta kafa kamfani na musamman, GDC, aikinsa ya ɗauki kasadar haƙa, in an samu tururi sai a sayar wa masu kafa inji. Tarayyar Afirka ma ta buɗe asusu a 2012 da tallafin Jamus don rage wa ƙasashen gabashin Afirka asarar rijiyar da ta fito fanko. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Hajiya Yaya: Ni ban san injiniyanci ba, amma duk hirar nan ban ji wanda ya ambaci masu ƙasar ba. Rijiyoyin nan a gonar wa ake haƙa su?

Injiniyan Bohol: Hajiya kin yi tambayar da ta dace, kuma amsar ba ta da daɗi ko'ina. A Olkaria sai da aka tashi wasu ƙauyukan ƙabilar Masai a 2014 don faɗaɗa tashar, an daɗe ana ƙorafi kan wurin da aka mayar da su. A tsibirin Flores na Indunusiya, wanda shi ma da gas yake rayuwa, tashar Ulumbu mai megawat 10 ta rage musu sayen mai, har gwamnati ta yi wa tsibirin laƙabi da tsibirin zafin ƙasa a 2017. Amma da aka zo faɗaɗawa zuwa Poco Leok mutanen wurin suka tare hanya, malaman cocin Katolika suka mara musu baya, suna nuni da Mataloko, wata tashar tururi a tsibirin, inda taɓo mai zafi ya ɓulla a gonaki. Sannan tururin yana zuwa da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, kaɗan ɗinta wari ne kawai, mai yawa kisa take. A Janairun 2021 ta kashe mutum biyar a kusa da tashar Sorik Marapi a Sumatra lokacin buɗe wata rijiya.

Hajiya Yaya: Inna lillahi. To hayaƙin janareta ma ai yana kashewa, mun sha jin iyali guda sun kwana ba su tashi ba. Ni dai abin da na sani, duk aikin da aka zo da shi ba a zauna da mai gona ba, ƙarshensa rigima.

Auta: Na karanta cewa yanzu ana fasa dutsen da ƙarfin ruwa, irin yadda masu haƙar fetur ke yi, ko babu tsagogi a yi su. Wannan ba zai warware matsalar Saint Vincent ba, har da tamu?

Maman Hanif: Yanzu ka yi tambayar ɗalibi. Ana yi, kamfanin Fervo ya kunna ta gwaji a Nevada a 2023, megawat uku da rabi. Amma a Pohang ta Koriya ta Kudu irin wannan aikin ne binciken gwamnati ya ɗora wa alhakin girgizar ƙasar 2017 mai ƙarfin 5.4. Kuma injinan haƙar da ƙwararrun suna inda ake da masana'antar fetur mai ƙarfi. Kafin ya iso ƙauyen Alhaji, Khalifa ya yi jika.

Baban Khalifa: To na gode muku, na sha karatu. Abin da na fahimta, ni dai ba ni da dutse mai aman wuta, ba ni da sanyin Alaska, ba ni da zinariya. Mai Sola, zo mu yi magana ta gefe. Ɗakin sanyina kwamfuresa biyu ne, in za a ɗauke min na rana kawai in bar wa inji dare, faranti nawa zan nema? Kada ka yi min kuɗin 'yan birni.

Mai Sola: Turo min hoton farantin da ke jikin kwamfuresan, inda aka rubuta ƙarfinsu, da awa nawa suke yi a rana.

Ɗan Agadas: In kun gama ciniki ku zo Tafadek ku yi wanka, Kawu ma ya gasa gwiwoyinsa. Masauki a wuyana.

Tsohon Ma'aikacin NEPA: Sai dai bayan sallah, ɗana, in fansho ya fito.

Baban Khalifa: Hoton sai da safe, yanzu yaron mai ya iso da jarkoki, bari in je in tsaya a kansa kafin ya zuba min rabi ruwa.